Yadda Na Zargi Gwaggo da Fige Kajin Inna

Can shekarun baya, lokacin ban daɗe da aure ba kuma ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Yelwa, mahaifiyata ta bar mini kajinta na kwana arba'in. Ƙanwata ce ta haihu a Wara, Inna ta tafi zaman jego. Kaji goma sha ɗaya ne, zakara ɗaya mai ji da kansa, sauran duk mata. Ranar tafiyar, tana tsaye bakin mota da ƙullin kayanta, ba ta ce in kula da matata ba, ba ta ce in kula da kaina ba. Cewa ta yi, "Ka lura min da kajinga. Kuma ka riƙa leƙa Gwaggonka, gwiwatta na damunta."

Gwaggo ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ita da Inna aminai ne tun kafin a haife ni. Saboda su biyun ne marigayi mahaifina ya fasa katangar ya sa 'yar ƙofa ta langa-langa, don kada mace ta riƙa zagayawa ta titi kawai saboda tana son aron gishiri. Sana'ar Gwaggo bandar kifi. Kullum da safe a kawo mata daga bakin ruwa, ta zauna ta fasa cikinsu, ta wanke, ta jera a kan waya bisa gangunan wuta. Ta goya ni ina jariri. Har na gama firamare rigar makarantata ƙaurin hayaƙinta take yi, ana tsokanata da shi a aji.

Su kuwa kajin Inna suna da nasu tsarin. Da gari ya waye sai su bi ta rariyar da ke gindin katanga su shiga gidan Gwaggo, su wuni can, magariba su dawo akurki. Ban taɓa tambayar kaina abin da suke yi a can ba. Mutum yana iya zama shekara da shekaru kusa da abu bai taɓa dubansa ba, musamman idan yana ganin ya yi karatu.

Kwana uku da tafiyar Inna, ina ɗaura maɓallin riga zan fita makaranta, na ji muryar Gwaggo ta tsallako katanga. Ashe ta shanya ƙananan kifi a tabarma, kajin suka hau kai.

"Kai! 'Yan banza marasa kunya! Wallahi wata rana sai na fige ku da ranku!"

Matata ta yi dariya, ta ce wannan ai gaisuwar safe ce tsakaninsu, kullum sai an yi. Ni ban yi dariya ba. Kunya ce ta kama ni. Na ce a raina, ga mutum malamin makaranta, kajin gidansu suna yi wa tsohuwa ɓarna, in Inna ta saba da haka ni ban saba ba. Dama na taɓa karanta wata 'yar ƙasida kan kiwon kaji na zamani, shafi bai fi takwas ba, kuma tun daga lokacin nake jin na fi ƙarfin kiwon gargajiya. Da yamma na samo bulo na toshe rariyar. Na sayo waya na kewaye gaban akurkin, a lungun da ke ƙarƙashin rufin kwano. Duka filin bai fi teburin ofishin malamai ba. Na zuba dusa a faranti, ruwa a kasko, na ja baya na dubi aikina na ga ya yi kyau.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta turo 'yar ƙofar ta leƙo.

"Malam, ina baƙina? Gidan ya yi min shiru."

Malam take ce mini tun ranar da na fara aiki, da wata murya da ban taɓa tantance ko girmamawa ce ko tsokana ba.

"Na killace su, Gwaggo. Kiwon zamani ke nan. Ba za su ƙara taɓa miki kaya ba."

Ta dogara sandarta ta matso, ta daɗe tana kallonsu ta cikin waya. Sannan ta ce, "Uhm. Zamani. To, Allah shi ba da sa'a."

A lokacin addu'a na ji. Daga baya ne na riƙa juya maganar ina neman abin da ke ƙarƙashinta.

Wajen kwana na goma na lura da wata kaza wake-wake a cikinsu, mai dabbare-dabbaren gashi. Bayanta, daidai gindin wutsiya, ya yi fili kamar an aske da reza, fatar ta yi ja. Washegari wata baƙa ma haka. Kafin mako ya zagayo, huɗu sun zama abin tausayi, wuyansu tsirara, kamar an fara gyara su don miya aka fasa. Na kama su ɗaya bayan ɗaya na duba ko ƙwarƙwata ce, ban ga komai ba. Na duba idanu, garau. Suna cin dusa kamar ba gobe. Ba tari, ba zawo, ba gyangyaɗi.

Sai tambayar da ta ɓatar da ni ta zo, kuma abin haushi tambaya ce mai kyau. In gashin zuba yake yi, ina gashin? Na share cikin akurkin, na share gabansa, na ɗaga kasko, na ɗaga faranti. Ko ƙwaya ɗaya ban samu ba. Ni ne fa nake tsayawa gaban allo ina gaya wa ɗalibai cewa abu ba ya ɓacewa haka siddan, sai dai ya sauya wuri ko ya sauya kama. Gashin kaji huɗu ai ya isa cika ƙwarya. Tunda ba ya ƙasa, wani ya kwashe. Tunda wani ya kwashe, wani ne ya fige.

To wa ke shiga gidan? Ni ina makaranta har ƙarfe biyu. Matata tana zuwa Islamiyyar matan aure daga hantsi zuwa azahar, ta kulle ƙofar gida. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma mutum ɗaya ne ke bin ta. Kuma mutuniyar nan da kunnena na ji ta rantse da Allah cewa sai ta fige su da ransu.

Na kori tunanin. Ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga.

Kuskurena na gaba shi ne ba da labarin a ofishin malamai. Akwai wani abokin aikina, dattijo, malamin tarihi, wanda bai taɓa jin wani abu ya faru a duniya ba tare da hannun wani a ciki ba. Yana ɓare goro ya tsaya.

"Masu wane launi aka fara da su?"

"Wake-wake, sai baƙa."

"Baƙa," ya maimaita, ya ajiye goron. "Kuma ba gashi a ƙasa?"

"Ko ɗaya."

"Malam, kai yaro ne. Ba a ɗibar gashin baƙar kaza don a yi matashin kai. Wa ke shiga gidan in ba kowa?"

"Wata tsohuwa ce dai, aminiyar Inna."

"To," ya ce. Ya ɗauki goronsa ya ci gaba da ci.

Na yi dariya da ƙarfi don kowa ya ji. Na ce ni ɗan kimiyya ne, ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Amma wannan "to" ɗin ya hau bayan babur ɗina ya biyo ni har gida.

Washegari kafin in fita na ɗebo toka a murhu na barbaɗa a gaban 'yar ƙofar, siriri, yadda duk wanda ya taka zai bar sawu. Da na dawo na durƙusa ina nazari kamar mai duba takardar jarrabawa. Ga sawun silifas, ga ɗigon sanda a gefensa. Sawun ya nufi madafi, ya dawo, amma a hanyar dawowa ya karkata wajen akurki.

"Gwaggo ta shigo yau?" na tambayi matata, ina yi kamar ba komai.

"Ta shigo. Ta kawo mana kan tarwaɗa. Me ya faru?"

"Ta je wajen kajin?"

"Ta tsaya ta dube su. Ta ce suna ba ta tausayi."

"Tausayi," na ce.

"Wai wa ya zubar mini da toka a tsakar gida?"

Na ce iska ce.

Da la'asar na shiga gaishe ta, kamar yadda Inna ta umarta, ko da yake gaskiya ba gaisuwa ta kai ni ba. Ina gaisuwa idona yana yawo, bayan ganguna, ƙarƙashin kwanduna, cikin tarin itace. Ita kuwa tana zaune a 'yar kujera, ta miƙe ƙafa mai ciwon, ido a lumshe, tana juya wani abu a cikin kunnenta cikin jin daɗi. Da ta zaro shi sai na ƙura masa ido. Gashin kaza ne. Baƙi.

"Gwaggo, ina kika samu wannan?"

Ta dube shi, ta dube ni. "Wanga? Abin sosa kunnena? Ai ya girmi aurenka." Ta soke shi a ɗankwalinta.

Kowace tsohuwa a unguwarmu tana da irinsa, na sani. Inna ma tana da nata. Amma mai zargi ba ya neman abin da zai wanke mutum, abin da zai cika masa lissafi yake nema. A hanyar komawa na tsaya shagon kayan gini na sayi kwaɗo.

Matata ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallona ina rataya shi.

"Ƙofar Gwaggo kake kullewa?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Ƙofar da Baba ya fasa da hannunsa? In Inna ta dawo kai za ka yi mata bayani, ni ba ruwana."

Wannan shi ne abin da ya kamata ya tsayar da ni. Abin da nake wasa da shi ya fi kaji goma sha ɗaya nauyi. Zumuncin mata biyu ne na sama da shekara talatin, wanda ya ga haihuwa, ya ga mutuwar mazajensu duka biyu, bai girgiza ba. Amma na datse kwaɗon, na jefa makullin a aljihu, har ina jin kaina mutum mai tsare amana.

Ranar Juma'a, na dawo daga masallaci ina zaune a tsakar gida, na ji an tura 'yar ƙofar. Ta ƙi buɗuwa. Aka sake turawa. Aka ƙwanƙwasa sau biyu. Matata ta dube ni, na sunkuyar da kai ina gyara hula. Sai shiru.

Zagayowa ta titi daga gidan Gwaggo zuwa namu ba kusa ba ne, sai an wuce gidaje uku da majalisar maza a gindin dalbejiya. Ta yi wannan tafiyar da sanda a hannu ɗaya, kwanon miya a ɗayan. Ta yi sallama a zaure kamar baƙuwa. Ta shigo tana haki, ta dubi kwaɗon, ta dube ni.

"Malam, lahiya? Mi ya faru?"

"Ba komai, Gwaggo. Ɓarayi ne suka yi yawa."

"Subhanallahi! Mi sunka ɗauka?"

Da na ce buta, da na ce takalmi, da an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina.

"Gashin kaji."

Ta dubi akurkin, ta dubi ƙofar, na ga lokacin da ta haɗa su a ranta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya da ƙyar ta ajiye kwanon a gabana, ta gyara mayafi.

"A ci da zahi," ta ce. Ta juya ta fita ta inda ta shigo.

Matata ba ta yi mini magana ba har washegari. Miyar kuwa ta kifin karfasa ce, irin wadda nake so tun ina yaro. Ban iya ci ba, amma ban fasa ganin ina da gaskiya ba. Na ce yanzu dai za a gani, an toshe hanya, gashi zai daina ɓata.

Bai daina ba. Ƙaruwa ma ya yi. Bakwai suka koma figaggu. Zakaran nan mai taƙama ya wayi gari ba wutsiya, yana cara kamar mai ba da haƙuri. Mai hankali a nan zai cire kwaɗo ya je ya durƙusa. Ni sai na fara auna tsawon katanga da ido, ina tunanin ko tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya haurawa in ta taka ganga. Da na ga abin ba zai yiwu ba, sai na juyo cikin gida.

"Ke dai kina nan duk jiya, ko?"

Matata ta ajiye muciya. "Au, ni ce yanzu? To ka koma shagon ka sayo wani kwaɗon, ka rataya mini a wuya."

Ana cikin haka Inna ta kira ta wayar ƙanwata. Ta tambayi kaji, na ce suna nan ƙalau. Ta tambayi Gwaggo, na ce tana nan ƙalau.

"Mi ya sa ba ta aiko min da gaisuwa ba? Kai mata wayar in ji muryatta."

Na ce caji ya kusa ƙarewa. Saura kwana goma sha biyu ta dawo.

Ranar Asabar na yanke shawarar kama ɓarawo da idona. Da hantsi na tsaya tsakar gida na faɗa da ƙarfi, yadda za a ji har bayan katanga, cewa zan tafi Ngaski sai yamma. Na tayar da babur na fita, na ajiye shi a wajen mai faci, na dawo a ƙafa ina sanɗa, na shige ɗakin ajiyar hatsi. Tagarsa tana kallon akurki, kuma akwai tsaga a jikin katakon. Matata ta gan ni sarai, ta girgiza kai, ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu.

Bazara ce. Wanda ya san zafin Yauri a wannan lokacin ya san abin da nake nufi. Na zauna a kan buhun gero, gumi yana bin bayana, ido ɗaya a tsaga. A karon farko tun da na killace su na kalli kajin nan da tsakar rana. Kwanon da ke samansu ya ɗauki wuta. Bakunansu a buɗe, fikafikai a sake, suna haki. Dusar safe ta ƙare tuni. Ba ƙasa mai laushi da za su yi birgima, ba abin tona, ba inda ɗaya za ta matsa ba ta taka wata ba. Tsaye kawai suke suna kallon juna.

Akwai wata ja a cikinsu, ƙatuwa, sumul, ita kaɗai ce gashinta bai taɓu ba. Har yabonta nake yi, ina cewa ita ce mai ƙwari. Ina kallo ta taka a hankali zuwa bayan baƙar, ta karkata kai kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, ta kai baki ta tsige gashi ɗaya. Baƙar ta yi ƙara ta ruga, amma ina za ta? Jar ta ɗaga kai sama, ta haɗiye gashin. Ta haɗiye shi ɗungurungum.

Inda aka tsige ya fito da ɗigon jini. Wata ta gani ta kai sara. Wata ma ta zo. Gashi ɗaya ya faɗi ƙasa, kafin ya gama sauka biyu sun yi kansa, ɗaya ta cinye.

Na daɗe a kan buhun nan. Abu ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya wuri. Gaskiya ne. Ya sauya wuri zuwa cikin kajin.

Na kira wani abokina da muka yi makaranta tare, malamin dabbobi ne a Shanga. Na ba shi labarin, na tsallake zancen kwaɗo.

"Me kake ba su?"

"Dusa."

"Da me?"

"Da ruwa."

"Da can ina suke kiwo?"

"Gidan maƙwabciyarmu, mai bandar kifi."

Ya fashe da dariya har yana tari. "Kai, malamin kimiyya! Kajin da suka tashi a kan hanjin kifi da kawuna da tsutsa da ƙwari, ka ɗauke su ka ɗora a kan dusa zalla? Ba kai ke rubuta wa yara abinci mai gina jiki a allo ba? Shi gashin nan da irin wannan abincin jiki ke yin sa. In sun rasa shi a faranti, sai su neme shi a bayan 'yar'uwarsu."

Ya ce ba yunwar kaɗai ba ce. Cunkoso yana sa haka, zafi yana sa haka, zaman banza ma yana sa haka, don kaza an halicce ta ne ta wuni tana tono, in ba ta sami ƙasa ba sai ta tona abin da ke kusa. Kuma da zarar jini ya fito, jan launin yana kiran sauran, ɗaya ta koya wa ɗaya. Ya ce in ware mai farawar na 'yan kwanaki, in shafa wa masu rauni shuɗin maganin nan na ciwo don ya rufe jan, in zuba musu toka da yashi a inuwa.

"Amma babban maganin," ya ce, "ka sake su. Ka je ka roƙi tsohuwar nan ta ci gaba da ciyar maka da su. Ai ita ke yi muku kiwon, ku kuna cin ƙwai."

Kwanon miyar Gwaggo yana nan a madafinmu tun ranar Juma'ar. Matata da ta dawo ta ji labari ba ta ce "na gaya maka" ba, wanda ya fi ciwo. Ta wanke kwanon, ta zuba dambu a ciki, don a wajenmu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Na cire kwaɗon zan bi ta 'yar ƙofar, ta tare ni.

"A'a. Ta titi za ka bi, yadda ta bi."

Na zagaya, kwano a hannu, na wuce majalisa ana tambayata ko talla na fara. Na tarar da Gwaggo a gaban daro tana fasa cikin kifi. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na durƙusa. Na gaishe ta da wuni, da aiki, da gwiwa, da zafi, har gaisuwa ta ƙare mini.

"Gwaggo, kajin nan... ashe su ke cin gashin junansu."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun randa na leƙa na gan su a matse kamar kihi cikin kwando, na san inda za a ƙare."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Sai a nan ta ɗago. "Ka ce kiwon zamani ne. Ni ban shiga aji ba, ina ni ina gyara wa malami? Na ce bari in ba ka kwana biyu ka gani da kanka. Da na ga abin ya yi yawa, na ce to ran Juma'a in ya ci miya ransa ya yi sanyi sai in faɗa mai. Ka san abin da na iske."

Na ce, "Ai ji na yi kin ce za ki fige su."

"Shekara talatin ina faɗin haka. Ka taɓa ganin na fige ko ɗaya? Uwarka ma na ce sai na kashe ta ya fi sau ɗari, ga ta can Wara tana shan kunun jego."

"Gwaggo, ki yafe mini."

Ta ci gaba da aikinta. Wuƙa ta shiga, ta fito, hanji ya faɗa daro. Can ta tura mini wani ƙaramin kwano da ƙafa, cike da kayan ciki.

"Kai musu wanga. Ka cire bulon can. Su ba su yi min komi ba."

Na cire bulon, na yaye wayar da na kewaye su da ita. Kajin suka bi rariya a jere, figaggu, da shuɗi a baya kamar 'yan makarantar da aka yi wa sabon yunifom, ko waiwaye na ba su yi ba. Jar ta yi kwana biyar a ƙarƙashin kwando. Cikin mako guda fige-figen ya tsaya, sabon gashi ya fara tsirowa kamar ƙaya. Amma kwana goma sha biyu ba sa mayar wa kaza da riga. Kuma duk tsawon kwanakin nan, ƙofa a buɗe, Gwaggo ba ta tako gidanmu ba. Kullum ina shiga gaishe ta, ta amsa daidai gwargwado, ba ragi ba ƙari.

Inna ta iso da la'asar. Ta sha ruwa, ta ba da labarin jariri a taƙaice, ta miƙe ta nufi akurki daidai lokacin da kajin ke dawowa. Na bi ta a baya kamar ɗalibin da aka kira ofishin shugaban makaranta. Ta gan su. Ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Wa ya yi wa kajina haka?"

Na buɗe baki. Na riga na shirya zan faɗi komai, da kwaɗon da tokar da maganar ɓarayi, kuma na san in Inna ta ji an kira aminiyarta ɓarauniya a cikin gidanta, kunya ba za ta bar ta ta ƙara haɗa ido da Gwaggo yadda suka saba ba. Kafin in furta, langa-langar ta yi ƙara. Sanda ta fara shigowa, sannan Gwaggo.

"A'a, mutanen Wara! Sai yau? Ai na ce ko can za ki tare."

"Ke bar wannan, zo ki ga kajina!"

Gwaggo ta matso ta dube su kamar yau ta fara ganinsu. "Zahin bana ne. Ke kina can kina cin naman suna, ba ki san wutar da munka sha ba. Ba don Malam ya tsaya musu ba, da ko ɗaya ba ki iske ba."

Inna ta juyo ta dube ni, idonta ya yi laushi. "Allah shi yi maka albarka," ta ce.

An sa mini albarka sau da yawa a rayuwa, amma ban taɓa karɓar wadda ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Na ce amin da ƙyar. Gwaggo ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Malam, kawo min kujera mana, ko sai na roƙa?" Suka zauna suka shiga hira, har aka kira magariba suna gardamar wa jaririn ya yi kama da shi, alhali ɗayarsu ba ta ma gan shi ba.

Yau in na tuna, abin da ke tsaya mini a rai shi ne sauƙin da zargin ya zo da shi. Matar da ta goya ni, kwana goma sha wani abu kacal ya ishe ni in mayar da ita ɓarauniya, har da abin da ya fi sata muni, kuma kowane mataki da na taka ina ganin hankali nake bi. Na binciki toka, na binciki katanga, na binciki matata. Wanda ya toshe rariya kaɗai ne ban bincika ba, shi ma don shi ke riƙe da binciken.

Gwaggo ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah Ya jiƙanta. Inna ce ta zauna a kanta har ƙarshe. Gwaggo ba ta taɓa faɗa mata ba, ni ma ban faɗa ba, don na ga rufin da ta yi mini ba nawa ba ne da zan yaye. Waɗanda suka san Inna a cikinku, don Allah ku bar shi a nan.

Har gobe Inna ta yarda zafi ne ya fige mata kaji. Duk bazara, da rana ta take, sai ta fito da ƙwarya tana yayyafa ruwa a kewayen akurki, tana cewa ba za a maimaita mata irin ta waccan shekarar ba. Ni nake ɗebo mata ruwan.